Alƙalamin mahaifina ya daina shan tawada, kuma ina tsoron buɗe shi

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya da 'yan uwa. Na daɗe ina karanta bayananku ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ce ta fito da ni.

Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifina. Da muka zo kintsa takardunsa, sai na tarar da alƙaluman tawada guda biyu a ƙasan tsohuwar jakarsa ta hannu, an naɗe su cikin farin hankici. Ɗaya baƙi ne wuluk, ba suna a jikinsa, sai wasu 'yan zane-zane sirara da suka kusa shafewa. Ɗayan kore ne mai ɗan sheƙi, an rubuta Esterbrook a jikinsa, a bakinsa kuma akwai lamba 2668. Yana da 'yar liba a gefe wadda ake ɗagawa da farce. Wannan koren na san shi tun ina yaro. Ina iya tuna yadda yake tsoma bakinsa cikin kwalba, ya ɗaga libar, ya mayar, ya ɗan dakata kamar mai sauraron wani abu, sannan ya goge bakin da tsumma. Bai taɓa barin ɗayanmu ya riƙe shi ba.

Abin da na yi wa baƙin shi ke damuna har yanzu. Na ga tawada ta bushe a bakinsa, sai na tafasa ruwa na zuba a kofi, na jefa shi ciki gaba ɗaya, na bar shi ya kwana. Da safe baƙin nan ya koma wani launi tsakanin ruwan ƙasa da kore, kamar busasshen ganye, yana warin ƙonanniyar taya. Maimakon in tsaya a nan, sai na kama wuyansa da filaya na murɗa. Na ji ƙas. Gangar jikin ta tsage daga baki, tsawon rabin gaɓar yatsa. Na daɗe zaune ina kallonsa a tafin hannuna.

Shi ya sa koren ban taɓa shi ba, sai sau ɗaya da na gwada ɗaga libar. Ta ɗan taso kaɗan ta cije, na kuma ji wani abu yana ɓarɓashi a ciki kamar an taka busasshiyar ɓawon gyaɗa. In na girgiza shi kusa da kunne ina jin ƙananan abubuwa suna motsi. Bakin kuma, da na shafa shi a kan takarda ba tawada, sai na ji yana ɗan karce idan na ja shi zuwa hagu.

To ga abin da nake roƙo. Mene ne ya lalace a ciki, kuma mutum irina da bai taɓa wannan aiki ba zai iya gyarawa da hannunsa? Ta yaya ake buɗe shi ba tare da ya bi sawun ɗan uwansa ba? Bakin nan da ke karce, in goga shi da sanfefa mai laushi? Shi kuma baƙin, ya tafi ke nan? Ba ado nake so in yi da shi ba. So nake in rubuta wa mahaifiyata wasiƙa da alƙalamin da ta san rubutunsa.

Baba Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin komai, kada ka ƙara ɗaga libar nan. Ko sau ɗaya. Abin da ke cikin alƙalaminka jaka ce ta roba, doguwa siririya kamar yatsan safar hannu, a gefenta kuma akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa a gindi. In ka ɗaga liba sai ta danna ƙarfen, ƙarfen ya matse jakar iska ta fita, in ka saki jakar ta buɗe ta zuƙo tawada. Walter Sheaffer ne ya yi rajistar wannan dabara a Amurka a 1908, kamfanoni da yawa suka bi bayansa. Ita robar nan ba ta dawwama. Bayan shekaru sai ta bushe ta ƙage, wani lokaci ta zama kamar gilashi, ɓarɓashinta ne kake ji. Idan ka tilasta wa liba a kan jakar da ta sandare, ko dai libar ta lanƙwashe ko ƙarfen ciki ya karye, ƙaramin aiki ya koma babba.

Ka kwantar da hankalinka, domin in da za a ce in zaɓa wa mai koyo alƙalamin da zai fara da shi, wannan ɗin zan zaɓa. Daga bayaninka samfurin J ne na Esterbrook, kamfanin da a wancan zamanin yake Camden a jihar New Jersey, wanda ya fara da ƙera bakunan alƙalami na ƙarfe tun 1858. An yi irin naka da yawan gaske a ƙarshen shekarun 1940 da cikin shekarun 1950, an kuma yi su ne don masu aiki da ɗalibai, jikinsu na da ƙwari. Na buɗe sun fi a ƙirga.

Abin da ya kashe baƙin alƙalaminka abu biyu ne, filaya da murɗawa. Wuyan da kake riƙewa in kana rubutu, a wannan koren ba shi da tiredi, cusa shi kawai aka yi cikin gangar jiki. Saboda haka jawo shi ake yi, ba kwancewa ba. Ka bar bakin a ɗaure inda yake, domin shi ke tokare wuyan daga ciki ya hana shi matsewa a hannunka. Ka yanko ɗan tif ɗin keke ka naɗa a wuyan don yatsunka su samu riƙo. Ɗaya hannun kuma ka riƙe gangar jikin daf da bakinta, wato daidai inda ta haɗu da wuya, yatsunka su zame mata ɗamara. Nan ne take tsagewa, nan ne ya kamata ta ji tallafi.

Sai zafi, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali. Busasshen zafi ake so, na na'urar busar da gashi, ba ruwan zafi ba, ba kuma harshen wuta ba. Ka riƙa juya alƙalamin a gaban iskar, kana taɓa wurin da leɓenka na ƙasa lokaci zuwa lokaci. Idan leɓe ya ji ɗumi mai ƙarfi amma yana iya jurewa, ka kai. Idan ya ƙi zama, ka wuce, ka janye ka jira. Dalili shi ne danƙon da masu gyara ke amfani da shi, wanda ake kira shelak, yana saki a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, su kuma tsoffin robobin da aka yi jikin alƙalami da su ba su da nisa sosai da nan kafin su fara laushi su lanƙwashe. Tazarar kaɗan ce. Ɗumin yana kuma sa tsohuwar roba ta ɗan saki jiki ta daina gautsi, ko da ba danƙo a wurin.

Ni ma da hannuna na koyi wannan. A farkon shigata sana'ar wani dattijo ya ba ni alƙalaminsa na seluloyid, mai launin marmara, na ce bari in ɗan gasa shi a nesa da fitilar sifirit kamar yadda na ga wasu na yi. Ban ga lokacin da ya kama ba. Seluloyid haɗi ne na audugar da aka sarrafa da sinadari da kuma kafur, in ya kama wuta ƙiftawar ido ce. Abin da ya rage a hannuna bakin zinariya ne da maƙalin murfi. Na kai wa dattijon nan su a cikin takarda, bai yi mini faɗa ba, ya dai karɓa ya sa a aljihu. Shekara talatin da wani abu ke nan, ban ƙara kusantar da alƙalami ga wuta ba.

To, in ya ɗumama, ka ja a miƙe, kana ɗan kaɗa shi kaɗan-kaɗan, kaɗawar da ido ba zai ma gani ba. In bai motsa ba ka sake ɗumamawa. In ka yi sau huɗu ko biyar bai motsa ba, ajiye shi ka tafi harkarka, gobe ma rana ce. Akwai wanda ya ɗauke ni kwana tara. Kowane zagaye na ɗumi da hucewa yana sassauta shi ko ba ka gani ba.

Da ya fita za ka ga ɗan hanci a bayan wuyan, da ragowar tsohuwar jaka manne a kansa. Kankare shi da farce ko bayan wuƙa marar kaifi har ya yi tsaf, kada ka ci jikin hancin. Ɓarɓashin da ke cikin ganga kuma ka zazzage, ka ciro na maƙale da hantsaki ko siririn tsinke, ka haska tocila ka tabbata ba saura a bayan ƙarfen. Kada ruwa ya shiga gangar, ƙarfen nan na tsatsa. In ba ka ga ya karye ko tsatsa ta cinye shi ba, bar shi a mazauninsa.

Jakar da za ka nema lamba 16 ce. Lambar faɗinta take nufi, ana ƙirgawa da kashi ɗaya cikin 64 na inci, wato 16 rubu'in inci ke nan, milimita shida da ɗan ɗori. Takan zo da tsawo fiye da buƙata. Zura ta cikin ganga har ta taɓa ƙarshe, ka yi alama daidai bakin gangar, ka ciro, ka rage tsawon ɓangaren wuyan da ke shiga ciki banda hancin, ka ƙara rage ɗan kaɗan don kada ta takure, sannan ka yanke a miƙe da almakashi mai kaifi. Shafa shelak siriri a kan hancin kaɗai, ka kula kada ya toshe ramin da tawada ke bi. Sa bakin jakar ta gefe ɗaya ka jawo ta ta rufe hancin, ka daidaita ta ta tsaya cak. Ka ba ta lokaci ta bushe. Kada ka yarda da sufa gulu ko wani gam, domin wata rana wani zai sake buɗe alƙalamin nan, wataƙila ɗanka, shelak kuwa ɗumi kaɗan ke sakinsa.

Kafin ka mayar, shafe jakar da hodar talk zalla, marar turare, don ta zame ta shiga kuma kada ta manne wa ƙarfe. Basilin da duk wani mai na fetur su yi nesa da ita, suna narkar da roba. Ka daidaita baki ya yi layi ɗaya da liba, ka ɗan ɗumama bakin gangar, ka tura wuyan ya koma ba tare da danƙo ba. Washegari ka gwada da ruwa tukuna. Ɗaga liba cikin ruwa, ka ga kumfa ta fito, ka mayar, ka ƙirga goma kafin ka ciro. Dakatawar nan da kake ganin mahaifinka yana yi, jakar yake jira ta gama cika.

Busasshiyar tawadar cikin baki kuma, in ruwa bai fitar da ita ba, amoniya ta wanke-wanke kashi ɗaya a ruwa kashi goma tana yi.

Uwar Tawada ta rubuta:

Allah ya gafarta wa mahaifinka, ƙanena. Baba ya gama maganar jaka, ba abin da zan ƙara. Ni tambayarka ta sanfefa ce ta sa gabana ya faɗi, don Allah ka ajiye ta.

Yawancin alƙaluma masu kyau akwai ɗan ƙwallo mai tauri da aka narka a ƙarshen bakinsu. Ana ce masa iridiyam, ko da yake galibi haɗin wasu ƙarafa ne masu tauri irinsa. Shi ke taɓa takarda, shi ya sa bakin zinariya, mai lamba 585 ko 750, yake shekaru bai cinye ba. To bakinka mai lamba 2668 ba shi da wannan ƙwallon. A jerin bakunan Esterbrook masu farawa da 2, ƙarfen bakin ne da kansa aka naɗe ƙarshensa ya zama wurin rubutu. Masu farawa da 9 kuwa an sa musu ƙwallon. Abin da wannan ke nufi a wurinka shi ne, duk shekarun da mahaifinka ya yi yana rubutu, takarda tana cin ƙarfen nan a hankali daidai kusurwar da yake riƙe shi. In ka samu gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, ka duba ƙarshen bakin ta ƙasa, za ka ga ɗan fili mai sheƙi, ƙarami ƙwarai, ya ɗan karkata gefe guda. Hannunsa ne ya yi wannan filin. Shafa biyu ko uku a kan sanfefa ta isa ta share shi, kuma ba a mayar da ƙarfen da aka goge.

Karcen da ka ji ma ban yarda laifin bakin ba ne tukuna. Na farko, ka gwada shi a bushe, kowane baki kuwa yana karce in ba tawada, ita ce man da yake zamewa a kai. Na biyu, mai yiwuwa riƙonka ya bambanta da nasa, kana hawa gefen filin maimakon tsakiyarsa. In ka cika shi, ka riƙa ɗan juya shi a yatsunka kana ɗagawa kana kwantarwa har ka ji inda ya yi santsi. Na uku, wanda ya fi yawa a abin da ake kawo mini: bakin a tsage yake gida biyu, kamar harsuna biyu a jere, in ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka ko da kaurin gashi ne, gefensa na ciki zai riƙa kama takarda. Tunda ka ce in ka ja hagu ne yake karce, ina zargin harshen dama ne ya sauka. Ka kalli bakin ta gaba da gilashin, kamar yana nuno ka. In ka ga haka ne, ka sa farce a ƙarƙashin wanda ya sauka, ka ɗaga shi kaɗan ya wuce ɗan uwansa, ka saki, ka sake dubawa. Kaɗan-kaɗan, kana dubawa bayan kowace ɗagawa. Cikin goma da ake kawo mini da kukan karce, mafi yawansu a nan suke warkewa ba a goge komai ba.

Baba, ka yi mini afuwa, a kan amoniya ina da ɗan ja. Ga wanda ya saba ba laifi, amma ga sabon hannu na fi son ruwa mai sanyi da ɗigon sabulun wanke kwanuka guda ɗaya. Bayan wuyan ya fita, a tsayar da shi cikin ɗan ruwa, baki a ƙasa, a riƙa canja ruwan har ya daina fitar da launi. Daga nan ne bakin zai kwance da sauƙi, don shi na murɗawa ne, shi da makwararar da ke ƙarƙashinsa a haɗe suke cikin 'yar kwalarsu. Kada ya murɗa shi tun tawada na riƙe da shi.

Makwararar nan baƙa da ke ƙarƙashin baki, ita ce ran alƙalamin. Akwai 'yan hanyoyi sirara a bayanta, tawada na sauka ta cikinsu, iska kuma na hawa ta maye gurbinta. Wannan musayar ce Lewis Waterman ya yi suna da ita da rajistarsa ta 1884. In hanyoyin suka toshe, sabuwar jaka ba za ta amfana maka komai ba. Shi ya sa zaɓen tawada ba wasa ba ne. Duk wadda aka yi don alƙalamin tsomawa ko zane, irin mai ƙaro ko mai shelak a ciki, in ta bushe a makwarara ta zama siminti. Ka tsaya kan masu sauƙin wankewa da aka daɗe da sani, shuɗiyar Waterman, ko Quink ta Parker wadda ke kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001. Masu kauri da ƙyalƙyali na zamani ka bar wa alƙaluman zamani, wasunsu na saurin lalata jakar roba.

Shawarata ta ƙarshe, wadda na san ba kowa zai yarda da ita ba. Tunda bakin na murɗawa ne, ka nemi wani, misali 9668 mai ƙwallo, ka riƙa rubutun yau da kullum da shi. Na mahaifinka ka ɗaura shi ranar da za ka rubuta wasiƙar, sannan ka kwance ka adana. In ka yi shekara biyar kana rubutu da shi kullum, filin nan zai koma na hannunka.

Maƙerin Roba ya rubuta:

Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗan uwa. Kowa ya tafi kan koren, ni bari in ɗauki baƙin, don irin kayan da nake sassaƙawa ne.

Warin taya da canjin launi sun nuna ebonait ne, wato roba da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri kamar ƙaho. Nelson Goodyear ya yi rajistarta a 1851, kuma da ita aka yi yawancin alƙaluma kafin seluloyid ya shigo a shekarun 1920. Hasken rana na shekaru ya riga ya taɓa fatarta, ruwan zafinka ya fito da abin fili ne kawai. Launin a sama yake, in aka goge za a tarar da baƙi a ƙasa, amma gogewar za ta tafi da zanen nan da ka ce ya kusa shafewa. Ni dai da nawa ne barinsa zan yi da launinsa.

Tsagar ce matsala. Seluloyid ana iya narka gefunansa da sinadari su haɗe, ebonait ba ya narkewa haka, gam kuma ba ya daɗewa a bakin ganga saboda nan ne wuya ke turawa. Hanya biyu na sani masu ɗorewa. Ko a rarake cikin bakin gangar kaɗan a sa masa sabon hannun riga, wato ɗan bututu na ebonait, daga ciki, ko a sassaƙa sabuwar ganga sukutum a mayar da murfi da wuya da baki na asali. Na fi son ta farko, ta fi wuya amma alƙalamin na zama shi ne dai. Kada ka jefar da ko ɓarɓashi, ka sa duka a ambulan.

Ta irin wannan hanyar na shigo sana'ar. Murfin wani alƙalami na fasa, na rasa madadinsa, na je wajen wani mai injin sassaƙa ƙarfe na roƙe shi ya koya mini. Murfi bakwai na lalata kafin na takwas ya hau. Yanzu daga sandar ebonait nake fitar da alƙalami gaba ɗaya, baki kawai nake saye, galibi na JoWo ko na Bock, duka daga Jamus. Sandunan kuma har yau akwai masu yin su, kamar Nikko Ebonite a Tokiyo. In wuƙar inji na da kaifi, ebonait na fita ne kamar dogon zare mai laushi yana naɗewa a ƙasa, ɗakin duk ya ɗauki warin farar wuta. In ta dakushe sai ya koma gari, saman ya ƙone. Wurin da aka fi shan wuya shi ne huda da yanka tiredi. In ka yi gaggawar huda, zafi ya taru, ramin ya karkace, ba kuma za ka sani ba sai ka zo haɗa murfi ka ga ya zauna a gicciye. Tiredin murfi ina yin mai bakin shiga uku, don murfin ya buɗe da juyi ɗaya da ɗan ƙari maimakon mutum ya yi ta murɗawa. Sannan a bar isasshen fili a cikin murfi, kada ƙarshen baki ya taɓa rufinsa. Milimita ɗaya ta kuskure a nan ta isa ta lanƙwasa baki.

Mu shida ne muke haɗuwa lokaci-lokaci, kowa ya zo da abin da ya gagare shi, a baje a kan tebur. Akwai ɗalibi a cikinmu da ya zo da alƙalamin Hero guda ɗaya tak, yanzu shi ke gyara mana masu fistin, wato masu zuƙo tawada kamar sirinji, irin na Pelikan. Juma'ar farko ta watan Nuwamba, wadda masu wannan sha'awa suka ware wa alƙalamin tawada tun 2012, kowannenmu kan gyara guda ɗaya ya ba wanda bai taɓa riƙewa ba. In ka yarda ka turo hoton tsagar kusa-kusa, da abin awo a gefenta, in ga ko hannun riga zai yi. Ba sai ka ba ni komai ba.

Sabon Hannu ya rubuta:

Baba, Yaya, Malam Maƙeri, Allah ya saka muku da alheri. Na yi shiru ne don ina jiran jakar ta iso, kuma ban so in dawo hannu rabbana.

Kwana uku wuyan ya ɗauke ni. Ranar farko na ɗumama sau biyar, ko gezau, hannuna har yana ƙaiƙayin ɗauko filaya, sai na tuna kwana taran Baba na mayar da shi cikin hankicin. Rana ta biyu na ga wani siririn layi ya buɗe tsakanin wuya da ganga, wanda farce ma ba zai shiga ba. Rana ta uku ina ja a hankali sai kawai na ji ya taho, ba ƙara ba komai. Abin da ya zubo a kan farar takardar da na shimfiɗa baƙin ɓarɓashi ne, da wani guntu guda da ya fito da siffar jakar, har da shatar ƙarfen a jikinsa. Ƙarfen lafiya lau, ɗan tsatsa kaɗan a gindi.

Jaka ta farko na yanke ta gajarta, sa'a guda biyu na saya. Ta biyun ta zauna. Wankin baki kuwa ruwa bakwai na canja, kuma launin da ya riƙa fita shuɗi ne mai duhu, irin wanda ke cikin duk takardunsa.

Yaya, na samo gilashin, na kuma ga filin. Yana nan yadda kika faɗa, ya karkata dama. Harshen dama ne ya sauka, ɗagawa uku ya daidaita. Da na cika shi na fara rubutu sai na ji yana ɗan turjewa, na kwantar da shi ƙasa fiye da yadda na saba, na ɗan juya shi, sai ya tafi sumul. Da na dubi hannuna sai na ga riƙon mahaifina ne, yadda yake kwantar da alƙalami kusa da takarda. Na ajiye shi na fita waje na ɗan jima.

Na rubuta wasiƙar, shafi biyu. Abin da ya rage, ban yanke shawara kan adana bakin ba, zuciyata ta kasu biyu. Sannan na lura in na daɗe ina rubutu, tawadar ta kusa ƙarewa, sai wani ɗigo ya taru a ƙarƙashin baki. Na yi kuskure ne a wani wuri? Malam Maƙeri, hoton na nan tafe gobe in sha Allah.

Baba Mai Gyara ya rubuta:

Madalla, ɗana. Ɗigon nan ba lallai kuskurenka ba ne. In tawada ta ragu, iska ce ke cika jakar, ɗumin hannunka ya kumbura iskar, ita kuma ta turo tawada waje. Ka riƙa cika shi kafin ya kai ƙarshe. In kuma yana yi ko a cike, to iska na shiga ta wani wuri: ka duba ko bakin ya ɗauru sosai, in ya ɗauru sai a koma kan shelak ɗin hanci.

Maganar baki, Uwar Tawada ta fi ni sanin ƙarfe, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni dai da nawa ne da shi zan riƙa rubutu, tunda ka riga ka gano kusurwarsa, in ka tsaya a kanta filin ba zai sauya da wuri ba. Amma kai ne ɗansa, kai za ka zaɓa. Ka rubuta ranar da ka sa jakar da lambarta a 'yar takarda, ka naɗe tare da shi cikin hankicin.